Na bi kamfanin yawon buɗe ido daga Krakow zuwa Auschwitz, ga abin da na tarar

Jama'a, duk mai niyyar zuwa sansanin gwale-gwale na Auschwitz, wanda 'yan Nazi na Jamus suka kafa a Poland lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ta hanyar kamfanonin nan da ke ɗaukar mutane a mota daga Krakow, bari in ba ku labarin tawa tafiyar. Tun farko suka ɓata min rai, an ce ƙarfe 8 za a ɗauke mu, sai cikin dare ga saƙo wai an dawo da shi 5:30, ko asuba ban yi ba na fito cikin sanyin nan na Poland.

Amma wallahi matar da ta zagaya da mu a cikin sansanin ta mantar da ni haushin. A wani dogon lungu cikin ɗaya daga cikin gine-ginen an jera hotunan fursunoni, kai a aske, riga mai zane-zane, ƙasan hoton ga lamba ga ranar da aka kawo mutum ga ranar da ya mutu. Ta ce mu bar kallon fuska tukuna, mu karanta ranakun. Wani wata biyu, wani ko wata bai cika ba. Na tsaya gaban hoton wata yarinya da kumburi a leɓe, ƙafata ta ƙi ɗaguwa.

A nan ta yi mana bayanin lambar. Ashe a Auschwitz kaɗai 'yan Nazi suka riƙa zana wa fursuna lamba a jiki, ni da na ɗauka ko'ina haka ne. Sun fara a 1941 kan sojojin Sobiyet da aka kama, da wani hatimin ƙarfe mai allurai a ƙirji, daga baya suka koma allura da tawada a hannun hagu, saboda mutane na mutuwa da yawa kuma in an tuɓe wa gawa riga ba a gane ta wace ce. A rigar kuma ƙyalle mai kusurwa uku, ja na fursunan siyasa, kore na masu laifi, shunayya na Shaidun Jehobah, Yahudawa a haɗa musu da rawaya ya zama tauraro, ɗan Poland a sa masa harafin P. Lambobi sama da 400,000 aka bayar, alhali kusan mutum miliyan 1.1 aka kashe, don waɗanda aka wuce da su ɗakin gas, inda ake kashe mutane da iska mai guba, daga jirgin ƙasa ko lamba ba a ba su ba. Innalillahi.

Da a nan aka tsaya da na ce ku bi kamfanin ido rufe. Sai da muka isa Birkenau, sashe na biyu na sansanin, kilomita 3 kacal daga na farkon, inda layin dogo ya shiga ta babbar ƙofa, direba ya fara kira yana mana gaggawa wai yana da wasu fasinjojin rana. Ko minti 40 ba mu yi ba, ban kai ƙarshen layin dogon ba inda kangon ɗakunan gas ɗin suke, kuma don shi na biya kuɗina. Har yanzu abin na cin raina.

Ku sayi tikitinku kai tsaye a shafin gidan tarihin da sunanku, ku riƙe fasfo don ana dubawa a ƙofa, ku hau bas da kanku. Ni dai zan koma, amma ba da su ba.