BRT ko danfo: amsa ga mai zuwa aiki daga Mile 12 zuwa CMS

Assalamu alaikum. Ɗan'uwanmu da bai daɗe da zuwa Legas ba ya ce ya sauka wurin kawunsa a Mile 12, ya kuma samu aiki kusa da tashar CMS da ke tsibirin Legas, inda ake buƙatar ganinsa ƙarfe takwas na safe, yana tambaya wacce za ta fi masa tsakanin BRT, wato babbar bas mai bin layin titi na musamman, da danfo, wato ƙaramar bas ta haya. Malam, na yi shekaru ina bin wannan hanya, saboda haka zan faɗa maka abin da idona ya gani.

Ka taki sa'a, domin hanyar da za ka riƙa bi ita ce aka fara buɗe wa BRT a watan Maris na 2008, zamanin gwamna Babatunde Fashola, kuma tsawonta ya kai kimanin kilomita 22. Motar takan bi titin Ikorodu ta Ketu da Ojota da Maryland da Fadeyi, ta wuce Stadium da Costain, sannan ta haye gadar Eko ta shiga tsibiri. Ƙarfinta duka yana cikin layin da aka keɓe mata aka shinge da kankare a mafi yawan hanyar. Da misalin ƙarfe bakwai na safe, idan ka leƙa ta taga a wajen Ojota, za ka ga danfo masu launin rawaya sun yi cirko-cirko, kwandasta na rataye a ƙofa yana bugun jikin mota da tafin hannu, ku kuwa kuna wucewa. Sai dai akwai wuraren da shingen ke ƙarewa, musamman wajen hawa gada, kuma a nan kowa daidai yake da kowa.

Duk da haka kada ka ɗauka cewa mai hawa BRT ya tsira daga jira, sauya masa wurin jiran kawai aka yi. Fasinjan danfo yana yin nasa a zaune cikin goslo, na BRT kuma a tsaye cikin layi kafin ya shiga mota. Tun da aka tsawaita hanyar zuwa garin Ikorodu a 2015, sau da yawa motocin da suka taso daga can sukan iso Mile 12 a cike, wanda ya makara kuwa sai ya zuba ido suna wuce shi. Dabarar da na ga tana aiki ita ce mutum ya nufi tasha da zarar an sallame sallar asuba, domin minti ashirin na wannan lokaci sun fi sa'a guda ta bayan fitowar rana daraja. Idan ka samu shiga, kana iya ƙiyasta lokacin isarka ka kuma dace, abin da ba zai yiwu a danfo ba.

Ita danfo ba ta da layin jira, kuma wannan ne daɗinta. Tana cika take tashi, wata na bayanta, kuma tana kutsawa unguwannin da BRT ba ta san da su ba. Waɗansu direbobi sukan bar titin Ikorodu su bi gadar Third Mainland, mai tsawon kusan kilomita 12, su sauke mutane a Obalende, wadda ita ma a tsibirin take. Ranar da gadar ta saki, suna iya riga BRT isa. Ranar da wata mota ta lalace a tsakiyarta kuwa, babu kwana babu mafita, sai haƙuri da kallon ruwa.

Batun kuɗi ya fi buƙatar ka natsu, tunda albashin wata za ka riƙa yi wa lissafi. A BRT da katin Cowry ake biya, wanda kake zuba wa kuɗi ka ɗora a kan na'ura, kuma farashin yana ƙarƙashin LAMATA, hukumar kula da sufuri ta jihar Legas, ba ya tashi don hadari ya haɗu. Kuɗin danfo kuwa a bakin kwandasta yake. Na safe daban ne da na yamma, idan aka fara ruwa yakan ƙaru nan take, kuma tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 duk motsin da farashin fetur ya yi sai ya bayyana a aljihun fasinja kashegari. Ba laifin direba ne shi kaɗai ba, domin 'yan kamashon da ake kira agbero suna karɓar nasu a tasha bayan tasha, kuma a kan fasinja yake fanshewa. Ka riƙa shiga da ƙananan kuɗi. An taɓa haɗa ni da wata dattijuwa da takardar kuɗi ɗaya a Ojota, kwandasta ya ce mu je mu raba, mota ta tafi ta bar mu muna bin masu sayar da ruwan leda muna neman canji, ita ba ta jin Hausa ni kuma Yarabancina bai wuce gaisuwa ba. Kalma ɗaya dai ka haddace kafin ka shiga danfo, wato "owa", wadda da ita ake shaida wa direba cewa an iso wurin sauka. Idan ka yi shiru don kunya, sai ka tsinci kanka tasha biyu gaba.

Ta fuskar tsaro, BRT ta fi kwanciyar hankali saboda tashoshinta sanannu ne kuma motocin suna da lamba. Fashin da mutanen Legas ke kira "one chance", inda ɓarayi ke shiga mota kamar fasinjoji su ɗauki mutum ɗaya ko biyu su yashe su, ya fi faruwa da wanda ya tare mota a bakin titi da duhun asuba ko da dare. In dole sai danfo a irin wannan lokaci, ka shiga cikin tasha ka hau wadda ake lodi a gaban jama'a.

Ga wanda ake jira ƙarfe takwas, ni BRT zan zaɓa da safe ba tare da wani kokwanto ba. Komawa gida ce ta fi wuya, domin layin yamma a CMS da tashar TBS (Dandalin Tafawa Balewa) yakan yi tsawo, kuma magariba kan riski mutum a hanya ko wacce ya hau. Ni nakan tsaya in yi salla a Babban Masallacin Legas da ke titin Nnamdi Azikiwe, kafin in fito layin ya ɗan ragu. Ranar da kawu ya aike ka da buhun albasa ko kwandon tumatir daga kasuwa, danfo za ka nema ka biya kuɗin kaya, don ba a ƙera BRT saboda irin wannan lodi ba. Kuma kada ka sa rai da acaɓa idan ka sauka, domin tun watan Yuni na 2022 an hana su aiki a ƙaramar hukumar Lagos Island, saboda haka ka ƙara minti goma na tafiyar ƙafa a lissafinka.