Zotero 7 a hannun mai duba kundin ɗalibai

Shafukan ƙarshe na kundin ɗalibi, inda ake jera manazarta, su ne suka fi shan jan biro a ofishina. Za ka ga sunan marubuci a babi na biyu, ka duba ƙarshe babu shi. Wani aikin an ce 2004 a cikin kundi, a jerin manazarta ya koma 2014. Rabi an bi salon APA, ɗaya daga cikin ƙa'idojin jera manazarta, sauran rabin kowa da irin tasa. Wannan ne ya sa na daɗe ina tura ɗalibaina ga Zotero, manhajar da ke tattara wa mutum bayanan littattafai da maƙalun da ya karanta, ta saka masa madogara a cikin rubutu, sannan ta jera masa manazarta a salon da ya zaɓa. A watan Agustan 2024 aka fitar da siga ta 7, wadda aka sake wa fasali gaba ɗaya. Na yi aiki da ita a nawa rubutun, na kuma ga yadda take a hannun ɗaliban da nake dubawa a Sashen Hausa, shi ya sa nake ganin ina da abin faɗa.

Ga wanda bai san ta ba, an fara gina Zotero ne a 2006 a wata cibiyar nazarin tarihi da ke Jami'ar George Mason a jihar Virginia ta Amurka, kuma yau wata ƙungiya mai zaman kanta da ba ta neman riba ce ke kula da ita. Kyauta ce, ba ta da talla, kuma tana aiki ko babu intanet. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne ga ɗalibin da ke lissafin data kamar yadda yake lissafin kuɗin abinci.

Abin da ido ya fara gani shi ne an share cunkoso. A da, bayanin kowane littafi yana gefen dama ne a rarrabe, sai ka danna nan ka ga sunan marubuci, ka danna can ka ga abin da ka rubuta a kansa. Yanzu duk an jero su a tsaye wuri guda, bayanai, tsakure, fayilolin da ke maƙale, rubutunka, kowane sashe kana iya buɗe shi ko ka naɗe shi. Shafin farko na fayil ma yana leƙowa a nan gefe kafin ka buɗe shi, ta haka nan take za ka gane ko maƙalar da kake nema ce. Akwai wani ɗan zaɓi da ban ga ana yawan maganarsa ba, amma ni shi ya fi yi mini amfani wajen koyarwa: kana iya sa saman wannan gefen ya riƙa nuna yadda aikin zai fito a jerin manazarta. Wato ɗalibi yana gyara bayani yana kallon sakamakon gyaransa a take. In ya bar gurbin shekara babu komai, yana gani. In sunan mujalla ya faɗa gurbin maɗaba'a, yana gani. Ba sai ya kai ƙarshen kundi kafin asiri ya tonu ba.

An ƙara baƙin allo don masu aikin dare, kuma ido yana hutawa da shi. Tana buɗewa da sauri fiye da da, har a kan kwamfutocin da suka sha jiki irin waɗanda yawancinmu muke da su. Alamomin da ake dannawa sun zama sirara, kuma wasu abokan aikina da suka saba da tsofaffin masu launi sun ɗan yi ƙorafi kafin su saba. Wannan lamari ne na sabo.

Inda aka yi aiki na gaske shi ne wajen karatu. Tun siga ta 6, a 2022, ake iya buɗe PDF a cikin manhajar a ja layi a kan abin da ake so. Siga ta 7 ta haɗa da littattafan lantarki na EPUB da kuma shafukan intanet da mutum ya adana. An ƙara jan layi a ƙarƙashin kalma, da rubutu a kan shafi, da zane da hannu. In kana karanta maƙala ka ci karo da madogara a tsakiyar jimla, ka ɗora alamar linzami a kanta, sai cikakken bayanin aikin ya ɓullo, ba sai ka gangara ƙarshen maƙalar ka dawo ba. Muhimmancin wannan duka ga ɗalibi shi ne duk abin da ya ja wa layi yana tafiya ne da lambar shafinsa da sunan mai shi. In ya kwashe su zuwa rubutunsa, madogarar tana biye da su. Da yawan abin da muke kira satar fasaha a kundayen ɗalibai daga nan yake farawa: yaro ya kwafi magana a littafin rubutunsa, bayan wata uku ya manta daga ina ya samo ta, sai ya zuba ta a babi na biyu ba tare da uba ba. Manhajar ta toshe wannan ƙofar ga duk wanda ya yarda ya yi karatunsa a cikinta.

Wanda ya daɗe yana amfani da ƙananan manhajojin da ake jona mata ya kamata ya duba kafin ya sabunta. An canza ginin da take kai, don haka sai da masu waɗannan ƙananan suka sake rubuta su. Daga cikinsu, Better BibTeX ta biyo siga ta 7, ZotFile kuwa ba ta biyo ba, kodayake sauya sunan fayil da mutane ke nemanta dominsa yanzu yana cikin Zotero kanta.

Ba kowane ɗalibi ke da kwamfuta ba. A ajina masu waya kaɗai sun fi yawa, kuma su nake tura wa ZoteroBib, ƙanwarta da aka buɗe a 2018, wadda ke aiki a cikin burauza kawai. Ba rajista, ba saukar da komai. Ka manna adireshin shafi, ko lambar ISBN ta littafi, ko lambar DOI ta maƙala, ko take kaɗai, ta nemo sauran bayanin ta jera. Ga ɗalibin sakandare ko na NCE da ke da manazarta goma sha biyar, ta wadatar. Abu ɗaya nake nanata musu: a cikin burauzar take ajiye jerin, don haka wanda ya yi aikinsa a kwamfutar shago, ko ya goge tarihin burauzarsa, jerin ya tafi. Akwai maɓallin da ke ba da adireshi na musamman ga jerin, a danna shi a tura wa kai ta WhatsApp kafin a tashi.

Game da kuɗi, bayanan littattafai da rubutun mutum ana adana masa su a intanet kyauta komai yawansu. Fayiloli ne ke da iyaka, megabait 300, daga nan sai biya: dala 20 a shekara don gigabait 2, dala 60 don gigabait 6, dala 120 ba iyaka. Biyan dala ba abin da zan ɗora wa ɗalibi ba ne. Nakan ce su kashe tura fayiloli, su bar su a kan kwamfuta, su riƙa kwafa a filashi.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma ba sabon fasali ne zai warware shi ba. Manhajar tana samo bayani ne daga rumbunan da wasu suka cika, kamar na Crossref ga masu DOI, da kundayen manyan ɗakunan karatu ga masu ISBN. In aikin yana can, cikin ƙiftawar ido an gama. To mu a Sashen Hausa, nawa ne daga cikin manazartarmu ke can? Littattafan da aka buga a Zariya zamanin NORLA, hukumar adabi ta Jihar Arewa, a shekarun 1950 sun riga ISBN zuwa duniya. Tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara a 1939, babu wata lamba da za ta kira su. Littattafan adabin kasuwar Kano da yawa ko shekarar bugu ba su ɗauke da ita. Ga kundayen digiri da ke jibge a ɗakunan karatu na sassa, ga rubuce-rubucen ajami a Gidan Arewa da ke Kaduna, ga mujallun tsangayoyi da ake bugawa a takarda kawai, ga hira da dattawa da makaɗa. Duk waɗannan da hannu za a shigar da su. Zotero tana da gurbin kowanne, akwai na kundin digiri, na rubutun hannu, na jarida, na hira, na shirin rediyo, na sautin da aka naɗa. Amma cika gurbin aikin ɗalibi ne, kuma lamarin kamar kai niƙa ne, in ka kai dawa da tsakuwa, gari da tsakuwa za ka kwaso.

Ko wanda aka samo daga intanet ɗin ma sai an bi shi. Wasu mujallunmu suna zuba take gaba ɗaya da manyan haruffa, wasu su haɗa sunayen marubuta uku a gurbi ɗaya, kuma haka zai shigo. Sunayenmu ma suna buƙatar kulawa. Manhajar takan ɗauki kalmar ƙarshe a matsayin sunan dangi, ta taƙaita sauran zuwa haruffa. In suna ya zo da Alhaji ko Malam a gaba, sai laƙabin ya koma harafi ɗaya kamar sunan yanka, in kuma ya ƙare da sunan gari, garin ne zai jagoranci layi. Wani lokaci hakan daidai ne, domin da sunan garin aka san marubucin, wani lokaci kuwa ɓarna ce. Akwai ɗan maɓalli a gefen suna da ke haɗe gurbi biyu ya zama ɗaya, a rubuta suna yadda ake so ya fito. Da shi ake shigar da sunan hukuma ko cibiya, da kuma sunan mawaƙin da ba a san shi da sunan uba ba. Haruffanmu masu lanƙwasa kuwa suna zama lafiya, ba sa rikiɗewa zuwa akwatuna.

Wata ɗaliba ta taɓa kawo mini jerinta a salon MLA, wani salon jera manazarta dabam da APA, duk ƙananan kalmomin taken littattafan Hausa, irin su da, na, ta, sun fara da babban harafi. Ta ce, "Malam, wallahi ba haka na rubuta ba." Gaskiya ta faɗa. Salon yana ɗaukar duk taken da ba a faɗi harshensa ba a matsayin Turanci, sai ya yi masa ƙa'idar Turanci. Maganin yana ƙasa a gurbin harshe: a rubuta "ha", wato alamar Hausa, shi ke nan za a bar taken yadda aka shigar da shi. Tun daga nan wannan gurbin nake fara dubawa.

Sai batun hira. Bugu na 7 na ƙa'idar APA, wanda ya fito a 2019, ya kawo sauye-sauye da har yanzu wasu malamai ba su sani ba: an daina rubuta garin da aka buga littafi, marubuta uku ko fiye ana taƙaita su tun ambato na farko, kuma ana iya jera har marubuta 20 a manazarta. Zotero tana bin waɗannan daidai, har nakan ga ɗalibi ya sha faɗa a wajen mai jarrabawa don manhajar ta cire Zariya ko Ibadan, alhali ita ce a kan ƙa'ida. A wannan salon, hirar da mutum ya yi da kansa a cikin rubutu ake ambatonta, ba ta shiga jerin manazarta. Sassan Hausa kuwa sun saba da ware shafi na waɗanda aka yi hira da su, da shekarunsu da garinsu da ranar hira, kuma ina ganin al'adarmu ce ta fi dacewa da irin bincikenmu, domin dattijon da ya ba ka tarihin masarauta bai gaza marubucin maƙala ba. Wannan shafin da hannu nake sa a yi shi.

Wani amfani da ya taso kwanan nan shi ne kama manazartar ƙarya. Ɗalibai suna tambayar manhajojin ƙirƙirarriyar basira, su kuma su ƙago musu sunan marubuci da take da lambar DOI da ba su wanzu ba. In na yi shakka, sai in manna lambar a gurbin nema. In babu abin da ya fito, ko wani aiki dabam ya fito, sai mu zauna da mai kundin. Haka kuma tun 2019 Zotero tana sa jan gargaɗi a kan maƙalar da mujalla ta janye, ta hanyar rumbun Retraction Watch da ke tattara irin waɗannan maƙalu, abin da ya fi shafar abokanmu na kimiyya da likitanci.

Zotero tana shiga cikin Word da LibreOffice da Google Docs. Wanda zai kai aikinsa shagon buga takardu ya fara yin kwafi, ya yanke alaƙar madogara da manhajar a kan kwafin, ya ba su shi, ya riƙe na asalin. In ba haka ba, mai shago zai gyara layi da hannu, ranar da aka sabunta jerin gyaran ya ɓace.

Salon da take iya fitarwa ya haura 10,000, kuma ƙananan kalmomin da ke cikin madogara tana iya fitar da su da harsuna da dama. Akwai Larabci, akwai Faransanci, wanda ɗaliban Yamai da Maraɗi da Damagaram za su ji daɗinsa. Hausa ba ta cikin jerin. Ɗalibin da ya rubuta kundinsa kaf da Hausa zai ga kalmomin Turanci a inda ya kamata a ce "da wasu", ko "babu shekara", ko "edita", sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya bayan ya yanke alaƙa. Waɗannan fassarorin masu sa kai ne ke yin su, fayil ne guda da ke buɗe ga kowa, kalmomin cikinsa kuma ba su da yawa. Abin da zai ɗauki lokaci shi ne malaman Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina su amince da kalma ɗaya ga kowane gurbi, domin a yanzu kowane sashe da yadda yake rubutawa. Na fara tattara yadda kundayen sashenmu suke rubuta su, kuma ina neman malami ko ɗalibin kwamfuta da ya san harkar XML, tsarin da ake rubuta wannan fayil da shi, mu haɗa hannu.