Kejin roba ko jakar yadi: wanne za ki saya wa kyanwarki?

Hajiya, barka da zuwa Houston, birninmu na jihar Teksas a Amurka. Tsakanin kejin roba mai tauri da jakar yadi mai raga da kika turo hotunansu, ki ɗauki kejin, saboda ranar da guguwa za ta fitar da ke daga gida. Duka biyun na taɓa saya, ɗaya ne kawai ya fitar da ni kunya.

Lokacin guguwar Harvey, a watan Agustan 2017, kwana da kwanaki ana sheƙa ruwa, har muka wayi gari ya kai mana gwiwa a falo. Maigidana ya ɗauki yara, ni kuma na tura kyanwata cikin keji, na ɗora shi a ka yadda muke ɗaukar kaya a gida, muka kutsa ruwa har inda motar ceto ta tsaya. Ko ɗigo bai taɓa ta ta ƙasa ba. Aka kai mu zauren taro na George R. Brown, inda dubban mutane suka fake, wasu da karnukansu. Haushi ta ko'ina, ga kukan yara. Na lulluɓe kejin da zani, na bar mata gefe ɗaya na shan iska, sai ga ta ta lafa. A cunkoson motar nan har jakar wani ta faɗo a kan kejin, bai lotsa ba. Da tsoro ya sa ta yi fitsari a ciki, ruwan gora ɗaya da tsumma suka wadatar. Wallahi har yau yana nan bayan ƙofata, kuma ba na jin zan rabu da shi.

Jakar kuwa arha ce ta ja ni. Ranar guguwar Beryl, a Yulin 2024, kyanwar ta yage ragar da farce, ta ɓalle zif, muka yi ta nemanta a duhu ba wuta. Jakar tana da amfaninta, idan asibitin dabbobi za ki ko za ki sa ta ƙarƙashin kujerar jirgi. Iyakarta ke nan.

Bayan guguwar Katrina ta 2005, da mutane da yawa suka ƙi barin gida saboda dabbobinsu, Amurka ta yi doka a 2006 cewa jihohi su sa dabbobin gida cikin shirin kwashe jama'a. Duk da haka ba kowane matsuguni ke karɓa ba, masu karɓar ma sukan nemi keji da takardar rigakafin cutar haukan kare. Ki sa takardar a leda, ki manna ta a jikin kejin, ki rubuta lambar wayarki da alƙalamin da ba ya gogewa. Idan ba a sa mata ƙwayar shaidar nan ta ƙarƙashin fata ba, mai girman ƙwayar shinkafa, wadda ake gano mai dabba da ita idan ta ɓace, ki kai ta wurin likita ya sa mata.

Wajen zaɓe, ki duba mai ƙofar ƙarfe, wanda aka haɗa sama da ƙasansa da noti, don mai maƙalin roba kan rabu biyu idan ya sha jijjiga. Girmansa ya zama za ta iya miƙewa ta juya. In kin samu mai ƙofa ta sama, ya fi, saboda kyanwar da ta firgita ba ta yarda a tura ta ta gaba. Ki ajiye shi a buɗe a falo tun yanzu, da tsohon mayafinki a ciki, ta saba kwana. Kakar guguwa daga 1 ga Yuni ce zuwa 30 ga Nuwamba, amma Agusta da Satumba ne abin tsoro.

Ba ki tambaya ba, amma don Allah ki kiyayi masu tallar takardar shaida a intanet, wai da ita za a bar kyanwarki ta shiga kowane matsuguni ko otal. Damfara ce. Gwamnati ba ta da rajista irin wannan, kuma kyanwa ba ta cikin dabbobin da doka ta amince su raka masu buƙata ta musamman ko'ina. Haka masu ninka kuɗin keji da zarar an ce guguwa ta doso: a Teksas laifi ne bayan an ayyana bala'i, ki ajiye rasit ki kai ƙara ofishin Antoni Janar na jiha. Na hannu ma in za ki saya a Facebook, ki juya ƙasansa ki duba tsagewa kafin ki miƙa kuɗi.