Mongol a Age of Empires: na II ko na IV?

Age of Empires wasan kwamfuta ne na gina gari da yaƙi, Mongol kuma suna cikin al'ummomin da za ka iya zaɓa. A na II, wanda ya fito a 1999, Mongol suna kafa gari kamar kowa. Ƙarfinsu mafarauta masu sauri ne da Mangudai, mahaya 'yan baka, amma sai ka tara dutse ka gina fada kafin ka samu Mangudai.

Na IV na 2021 ya fi burge ni. Ba ganuwa, ba gina gidaje. Kana iya naɗe gine-ginenka ka yi ƙaura kamar makiyayi. Dutse ta Ovoo yake zuwa (gini ne da ake kafawa a kan ma'adanar dutse), ganima kuma daga cinna wa garin abokin gaba wuta, ga Khan, jagoran mayaƙansu, a fili tun farkon wasa. Sai dai in aka yi maka kwanton ɓauna, mafaka ta yi wuya. Sabon shiga gara ya fara da na II.