Jagoran wasan D&D da muke biya daga Jidda, ya ci kuɗinsa kuwa?

'Yan uwa masu tambayata a kan bawan Allahn nan da yake ja mana wasan Dungeons & Dragons ta intanet, ga abin da na gani. Ga wanda bai san wasan ba, tun 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da shi a Amurka, mu muna buga bugu na biyar ne na 2014. Kowa yana da jaruminsa, jagora shi ke ba da labari yana yanke hukunci, in za ka gwada wani abu mai wuya sai ka jefa ɗan ludo mai fuska 20. Murya a manhajar hira ta Discord, taswira a shafin wasa na Roll20, daren Alhamis bayan isha tunda Juma'a ba dawam, wato ba aiki.

Abin da ya saye ni tun farko, bai yarda an fara wasa ba sai da aka yi zama guda na magana zalla, ya tambayi kowa me yake so, me ba ya so a kawo cikin labari. A littafin wasan akwai jarumai masu bauta wa gumaka don su samu ƙarfin warkarwa, muka ce gaskiya mu wannan bai kwanta mana ba, ko musu bai yi ba ya mayar da jarumin mai magani da saiwoyi. Ya kuma ce duk wanda labari ya kai inda ransa bai so, ya rubuta X kawai, za a wuce wurin ba tare da an tambaye shi dalili ba.

Akwai wata 'yar uwa da ke shigowa daga Kano, su can suna bayanmu da awa 2 kuma netwok ɗinta na yawan yankewa, ga ta da kunya, samarin nan in suka ɗau surutu sai ta yi shiru. Sai ka ji ya dakatar da kowa ya ce Hajiya, ke ce a bakin ƙofa, me kika gani, me za ki yi? Kuma ya jira ta, ko da za ta ɗau lokaci. Wallahi wannan kaɗai ya isa in ci gaba da biya. Ɗan ludonsa ma a fili yake jefawa kowa na gani, in jaruminka ya faɗi to ya faɗi, ba sani ba sabo.

Shi ma yana da nasa sharuɗɗan, ka san takardar bayanan jaruminka kafin a zauna, ka kashe makirfo in ba kai ke magana ba, kar ka riƙa latsa jawwal, wato waya, ana faɗa har zagayenka ya zo kana tambayar ina aka kwana.

Inda nake da ƙorafi shi ne maganar kuɗi. Riyal 30 ne kowane zama, in ba za ka zo ba kuma ba ka sanar kwana guda kafin ba kuɗinka ya tafi, alhali yawancinmu a nan aiki muke a ƙarƙashin wani, mai gida zai iya riƙe ka dab da magariba ba yadda za ka yi. Na gaya masa ya riƙa yafe ko sau ɗaya a wata, ya ce zai duba, har yanzu dai shiru. Kuma faɗan dodanni yana jan shi da yawa, wani lokaci awa guda ana abu ɗaya.

Sabon shiga ya je, zai koya maka da haƙuri. Amma in aikinka ba shi da tsayayyen lokacin tashi, ku daidaita maganar kuɗin nan tukuna.