Na kai rigar bikina dirai-kilin a Adum, ga yadda muka yi

Amare na Kumasi, musamman mu na Aboabo da Asawase da muke cusa rigar biki cikin ledar da tela ya ba mu mu tura saman sif, don Allah ku saurara. Tawa farar leshi ce mai duwatsu a ƙirji, shafinta satin, bayan biki na kai ta wani shagon dirai-kilin, wato wankin kaya da magani ba da ruwa ba, a Adum kuma gaskiya na ji daɗin aikinsu, duk da akwai inda ban gamsu ba.

Abin da ya fara burge ni, matar ba ta karɓa ta jefa a kwando ba. Ta shimfiɗa rigar a kan tebur ta juya cikinta, ta nuna min hammata da wuya inda gumi da hoda suka zauna, da ƙasan rigar da ya sha jar ƙasa, sai ta ce amarya kin sha lemo a wajen nan ko? Wallahi ni ban ga komai ba, ashe ɗigon lemo mara kala in ya bushe ba ya nunawa, sai an jima sukarin ya koma ruwan ɗorawa ya ƙi fita. Sobolo (zoɓo) da man turare da lalle kuma su nan take suke kamawa, shi ya sa ba a son a bar rigar ta daɗe ba wanki.

Duwatsun ma ta duba ɗaya ɗaya, ta ce waɗanda aka ɗinka ba matsala amma na gam maganin dirai-kilin yana iya narkar da gam ɗin su zube, don haka wajen ƙirjin da hannu suka wanke. Duk inda za ki kai ki tambayi wannan kafin ki bari, in suka ce miki ai duk ɗaya ne ki ɗauki abinki ki tafi.

Rigar ta dawo fes, ba warin magani. Sai dai tabon lallen da ke bakin hannu bai fita duka ba, ya dai yi haske, kuma ranar da suka ce in zo ba ta gama ba sai da na sake komawa, ga cunkoson Kejetia. Kuɗin ma da ɗan nauyi, amma in na tuna abin da leshin da ɗinkin suka ci ban ga tsadarsa ba.

A kwali suka ba ni ita, an naɗe da takarda mara asid tsakanin kowane ninki. Leda tana riƙe danshi, ga garinmu damina biyu muke yi a shekara, fumfuna ba ta jira. Matar ta hana ni rataye ta a hanga don nauyin duwatsu yana jan kafaɗa, ta kuma ce kada kafur ya taɓa jikin rigar. Na ƙara lulluɓe kwalin da alawayyo na ɗora nesa da bango, in hunturu ya shigo zan fito da ita ta sha iska a inuwa in canza wajen ninkin. Shaddata ta walima kam wajen masu bugu zan kai, wannan ba aikin masu dirai-kilin ba ne.