Zafin Finiks da Kuɗin Wuta: Wasiƙa Zuwa ga Yayana a Kano

Assalamu alaikum Yaya. Ina fatan kuna lafiya. Ya Hajiya da ƙarfin jiki, ya yara, ya kuma fama da ginin Ɗanbare?

Ka tambaye ni ko da gaske ne mutanen Amurka ma suna kukan kuɗin wuta, su da ba a ɗauke musu. Suna yi ƙwarai, ni ma da ni ake yi. Sai dai kafin ka tausaya mana, ka bari in zayyana maka yadda abin yake, don ina ganin ku kuka fi dacewa da tausayin.

Finiks, garin da nake, a tsakiyar hamada yake a jihar Arizona. Zafin da muke sha a Kano daga Maris zuwa Mayu, a nan sai Yuni yake kankama, kuma ba ya sassautawa sai bayan Satumba. A shekarar 2023 an yi kwana 31 a jere kullum sai zafin rana ya kai digiri 43 ko ya haura, har an taɓa 48. Akwai daren da ma'auni bai sauko ƙasa da digiri 36 ba har gari ya waye. A shekarar ta 2023 kaɗai mutum 645 zafi ya yi ajalinsu a gundumar Marikofa, inda Finiks take. Waɗanda aka tarar a cikin gida, yawancinsu iyakwandishan ɗinsu ya lalace ne ko kuma ba a kunne yake ba. Allah ya kyauta.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne irin gidajen. Katako ne da allo, an toshe ko'ina don kada sanyin na'ura ya tsere. A Kano idan an ɗauke wuta, sai a yayyafa ruwa a tsakar gida, a shimfiɗa tabarma, maza su fita ƙofar gida shan iska har dare ya raba. A nan ba tsakar gida, ba zaure, kuma kwalta da siminti sun sha rana sun ƙoshi, da daddare suke amayar da zafin. Saboda haka iyakwandishan ba kayan ƙawa ba ne, rai ne. Dokar gari ma ta wajabta wa mai gidan haya ya tabbatar iyakwandishan ɗin gidan zai iya sauko da zafin ɗaki zuwa digiri 28. Na'urar takan kwana ta yini tana aiki, shi ya sa gidana, wanda bai kai rabin namu na Gwammaja ba, yake shan fiye da yunit dubu biyu a watan Yuli. Bil ɗin yakan haura dala 300, kusan ninki uku na abin da nake biya a watan Maris.

To, ga lissafin da ya hana ni barci ranar da na zauna na yi shi. A nan yunit ɗaya yana kamawa wajen santi 15 na dala. Ku kuma tun Afrilun 2024, da hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta ɗaga kuɗin 'yan Band A, wato layin da ake fi ba wuta, daga wajen naira 68 zuwa 225, kafin daga baya ya tsaya a 209.50, idan aka buga a canjin naira 1,500 kowace dala, kusan santi 14 kuke biya. Wato mutumin Kano da ke kan wannan layin, da ni da nake Amurka, kusan kuɗi ɗaya muke sayen yunit. Amma mafi ƙarancin ladan aiki a Arizona a 2025 dala 14.70 ne a awa ɗaya, abin da zai sayi yunit kusan ɗari. Mafi ƙarancin albashi a Kano naira 71,000 ne a wata, wanda ko an zuba shi duka a mita, ba a ci ba a sha ba, yunit 340 kawai zai bayar. Aikin awa uku da rabi na mai wanke kwanuka a nan, shi ne wutar albashin wata guda na masinja a can. Ban sa kuɗin fetur ɗin janareta ba tun bayan cire tallafi a 2023, ban sa ƙanƙarar da kuke layin saye da azumi ba.

Wutar kanta kuwa akwai ta. Yamma da garin nan akwai tashar nukiliya ta Palo Verde, wadda ita kaɗai take samar da megawat kusan 4,000, daidai da abin da sau da yawa ake rabawa Najeriya gaba ɗaya. Duk lokacin da na tuna Oktoban 2024, da Arewa ta shafe fiye da mako a duhu bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, raina yakan ɓaci, don na san masu walda da teloli da masu niƙa nawa suka zauna hannu rabbana.

Akwai tsare-tsarensu da suka burge ni. Mita ce take magana, ba bil ɗin kintace ba: a waya nake ganin abin da na ƙona kowace awa. Farashi ma yana bin lokaci. A tsarin kamfanin wuta na APS, daga ƙarfe 4 zuwa 7 na yamma a ranakun aiki wuta ta fi tsada, don a lokacin kowa ya dawo gida ya kunna komai. Sai mutane suka koyi sanyaya gida sosai tun da hantsi, in la'asar ta yi a rage na'urar, wanki da guga a bari sai dare. Wanda yake tsoron bil ɗin bazara zai iya neman a raba masa kuɗin shekara daidai wa daida a wata goma sha biyu. Akwai kuma tallafin gwamnatin tarayya ga masu ƙaramin ƙarfi, ko da yake ba ya isa kowa.

Kada ka ɗauka tausayi ne ya yi musu yawa. A 2018 an yanke wa wata tsohuwa 'yar shekara 72 wuta saboda ragowar bashin dala 51, aka tarar da gawarta a gida cikin tsananin zafi. Sai da maganar ta fito mutane suka tayar da jijiyar wuya, sannan a 2019 hukumar jihar mai kula da kamfanonin wuta ta hana kamfanonin da ke ƙarƙashinta yanke wa gidaje wuta daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Oktoba. Bashin yana nan, za ka biya da kaɗan-kaɗan, amma ba za a kafa tsani a hau fal ɗinka ana tsakiyar zafi ba. Wannan dokar nake wa Kano kwaɗayi, a watannin Maris zuwa Mayu.

Yanzu maganar gininka, wadda ita ce ta sa na tsawaita. Don Allah Yaya, kada magini ya ruɗe ka da gidan gilas da rufin kwano mai ƙasa-ƙasa irin na hotuna. Irin wannan gidan sai inda wuta ba ta ƙiftawa. Ka bar tsakar gida, ka ɗaga silin, ka sa tagogi masu kallon juna, bangon yamma ya samu baranda ko inuwar darbejiya, kwanon kuma ya zama fari. Tsofaffin gidajen nan suna amfani da wata na'ura da take jan iska ta cikin jiƙaƙƙen abu, kamar dai yadda randa take sanyaya ruwa. Wutar da take ci kaɗan ce, sola ma za ta ɗauke ta, kuma a busasshen zafi irin namu na Afrilu tana aiki sosai, sai in damina ta faɗi iska ta yi laima take raguwa. Na san ana samun ƙananan irinta a Sabon Gari da Beirut. Ka tura Sani ya jiyo farashinta da na faifan sola huɗu da batir, ni zan ɗauki nauyin na ɗakin Hajiya kafin zafin baɗi.

A gaida Baffa da mutanen gida duka.